Murfin Makunnin Baba Mai Wuta

"A hankali, Tela! Ka ɗaga kan gadon, ƙofar nan ba ta da faɗi!"

Auta, ƙaramar 'yar Baba Mai Wuta, ce ke magana daga cikin falo, ta tattare labule da hannu ɗaya. Tela na riƙe da kan gadon ƙarfe, Direba na gidan gaba na riƙe da ƙafafunsa. Likita ya ce Baba Mai Wuta ba zai ƙara iya hawa bene ba, shi ya sa ake sauko masa da gadonsa. Tela ya ja da baya, gumi ya sa tafin hannunsa santsi, gadon ya kuɓuce masa ya daki bango.

Ƙwas!

Murfin makunnin fitilar falo, wani zagayayyen farin tangaran mai zoben tagulla, ya dare gida huɗu ya zube ƙasa. Inda yake a da sai ga rami, ga wayoyi biyu sun leƙo.

Direba ya ajiye ƙafafun gadon. Tsohon yana zaune a kujera, an lulluɓe shi da bargo, yana jiran a shimfiɗa masa. Ya dubi ramin ya daɗe, sannan ya dubi Tela.

"Baba, ka yafe ni. Wallahi hannuna ne ya zame."

"Hannun da ke zura zare a allura?" in ji tsohon. Muryarsa ta shaƙe, amma tsokanar tana nan. "Auta, je ki akwatin wuta. Na uku daga hagu, shi ne fis ɗin falo. Zare shi."

"Haba Baba, murfi ne fa kawai. Gobe in sayo na roba a maƙala."

"Ki maƙala a gidan mijinki."

Direba ya ƙunshe dariya. Tela kuwa ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shekara ashirin da biyu bango ɗaya ya raba su da wannan tsoho. Kowa a layin ya san Tela da tsoron lantarki. Shi ne mai komowa daga bakin titi don ya duba ko an kashe dutsen guga. Shi ne ya rene 'ya'yansa huɗu da "kada ku taɓa" da "ku matsa daga nan". A duk shekarun nan ko ƙwan fitila bai taɓa canjawa da hannunsa ba. Sai dai ya ƙwanƙwasa bango, Baba ya shigo da jakarsa ta fata yana cewa, "Ina mara lafiyar?"

Gidan tsohon ya girmi Tela. Makunni goma sha ɗaya ne a cikinsa, duk iri ɗaya, kuma shi ya sa su da hannunsa a shekarar da ya yi aure. Baƙi kan tsaya su shafa su, su ce yanzu ba a yin irin wannan.

Da aka kwantar da shi, gadon ya zo daidai yana fuskantar ramin. Auta ta yanko kwali ta manna a kai. Tsohon ya rufe ido.

"Shekara hamsin da ɗaya ina aikin nan," ya ce, ba tare da ya buɗe idon ba. "Ban taɓa barin gidan mutum da waya a buɗe na tafi ba. Ko ruwa ake, ko yunwa nake ji, sai na rufe. Yanzu a nawa gidan za a ce na tafi na bar kwali."

"Ina za ka, Baba?" in ji Auta. "Ba inda za ka."

Amma da ta rako Tela bakin ƙofa, sai ta rage murya. "Yaya Tela, kada ka sa abin a ranka. Likita ya ce kwanaki ne. In ya yi nisa, mako."

Tela ya juya. Ya koma ciki ya durƙusa, ya tsince gutsattsarin huɗu, ya haɗa su a kan tebur kamar yadda yake haɗa yankakken yadi. Ya zaro tef ɗin awo daga wuyansa, ya auna faɗin, ya auna tsakanin ramukan sukuru biyun, ya rubuta a bayan hannunsa. A nan ne ya lura bayan murfin ba shi da sheƙi, kuma akwai rubutu da fensir a jiki. Kalma ɗaya ce, "falo", ƙarƙashinta wata 'yar alama mai lanƙwasa uku kamar walƙiya. Ya naɗe gutsattsarin a ƙyalle ya sa a aljihu.

Washegari bai buɗe shago ba. Ya bi layin masu kayan wuta, shago bayan shago. Wani ya kwance ƙyallen ya yi dariya. "Malam, wannan ai sai gidan tarihi." Wani ya ce ya dawo wata mai zuwa. A shago na bakwai aka ɗauko masa wani zagayayye, fari, har da zobe mai ruwan zinare, a cikin leda mai ƙyalli, kuma da araha. Ya kawo shi da saurinsa.

Tsohon bai ma kalle shi ba. Ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya kai kusa da kunne.

"Roba ce aka yi wa kwalliya," ya ce. "Tela, in na kawo maka leda na ce alharini ne, za ka ɗinka?"

"A'a, Baba."

"To."

Rana ta biyu wani ya yi masa kwatancen shagon da masu hali ke sayen tsofaffin kaya don ƙawata sababbin gidaje. Akwai sanyi a ciki, ga ƙamshi. Kuma ga shi nan cikin akwatin gilashi, sak irin na Baba, an ɗora shi a kan jan ƙyalle kamar zoben amarya. Tela ya ce a buɗe ya auna. Ma'aikacin ya ce ba a taɓawa sai an saya. Da ya faɗi kuɗin, Tela ya ɗauka bai ji daidai ba, ya sake tambaya. Ɗinkin wata biyu cur, in kasuwa ta yi kyau.

A gida ya kasa cin abinci. Yana ta kallon tsohon keken ɗinkin da ke jingine a lungu, wanda yake ajiye wa babbar 'yarsa.

"Na san wannan kallon," in ji matarsa. "Kada ma ka fara."

"Ni na fasa, Maman yara."

"Kai ka fasa, amma ba keken yarinya ya fasa ba. Je ka gaya wa Baba abin da kake shirin yi, in ya yarda ni ma na yarda."

Ya je. Ya samu tsohon ya ƙara zubewa, kumatunsa sun faɗa, kofin shayin safe yana nan ba a taɓa ba. Falon ya yi duhu-duhu, don tun ranar ba a mayar da fis ba. Auta ta roƙa ta roƙa, ya ce ba a ba buɗaɗɗiyar waya wuta a gidan da jikoki ke shiga da fita.

Da Tela ya faɗi kuɗin, tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"In ka saya a haka, ba za a sa min a bango ba. Lokacin da na saye su, su ne na talaka. Masu kuɗi na tagulla zalla suke sawa." Ya numfasa. "Kana neman tsohon abu a inda ake yi masa ado. Je ka inda gidaje ke zuwa in sun mutu."

"Ina ne nan, Baba?"

"Bayan tashar manyan motoci. Wurin mai tarkace."

Da sassafe Tela ya hau mota, ya sauka, ya sake hawa wata. Wurin fili ne babba da aka kewaye da kwano. Ƙofofi ne jingine da juna kamar mutane a layi, ga tagogi ba gilashi, ga kwamin wanka cike da ruwan sama, ga matakalar bene da ba ta kaiwa ko'ina. A ƙarƙashin wata rumfa wata mata mai jiki ke zaune kusa da sikeli, ta sa safar hannu ta fata, tana tsinke tagulla daga cikin tsohuwar waya.

"Sannu da aiki, Hajiya."

"Yawwa. Saye ko sayarwa?"

Ya kwance ƙyallen. Ta leƙa, ta nuna da haɓa. "Ga durom uku can. Duk abin da aka ciro daga bango yana ciki. In ka yanke, ba ruwana."

Ya naɗe hannun riga. Durom na farko roba ce zalla, ta ƙone ta yi rawaya. Na biyu ya ci masa awa guda, ya kuma ci masa yatsa, ya ɗaure da ƙyalle ya ci gaba. Rana ta take. Duk sanda wayarsa ta motsa a aljihu sai ya ce a ransa shi ke nan, Auta ce. Sau biyu masu kawo masa ɗinki ne ke neman kayansu. Na uku matarsa ce, tana tambaya ko ya sha ruwa.

Can ƙasan durom na uku hannunsa ya taɓa wani abu mai sanyi da nauyi. Guda uku ne, zagayayyu. Ɗaya ya rabe, ɗaya bakinsa ya gutsure. Na ukun lafiya lau, sai dai zoben ya yi baƙi ƙirin. Ya zaro tef. Faɗi daidai. Tsakanin ramuka daidai, ko zare ɗaya bai kauce ba. Ya sake aunawa, don bai yarda da sa'arsa ba.

Sannan ya juya bayansa.

Fensirin ya dushe, amma ana karantawa. "Ɗakin haihuwa, 2." Ƙarƙashinsa walƙiya mai lanƙwasa uku.

Tela ya zauna a kan wata ƙofa da ke kwance. Ya ciro gutsuren da ke aljihunsa ya jera su. Hannu ɗaya ne ya yi rubutun, ko makaho ya shafa zai sani.

"Lafiya, Malam?" in ji mai tarkace. "Ka ga maciji ne?"

Ya kai mata. Ta goge da babban yatsa. "Au, mai walƙiya ne. Daga tsohon asibitin mata da aka rushe bara aka kawo wannan. Na daɗe ina ganin alamar nan, a kayan makarantu, a kayan ofisoshi. Duk abin da ya zo da ita ba na ma gwadawa, na san lafiyarsa ƙalau. Masu rushe gini sun ce in sun buɗe bango suka ga waya a shimfiɗe kamar an yi mata kitso, sun san za su ga walƙiya. Kullum ina cewa ko waye wannan mutumin."

"Maƙwabcina ne," in ji Tela. Bai san muryarsa za ta fito da ƙarfi haka ba. "Bango ɗaya ne tsakaninmu. Shekara ashirin da biyu."

"Yana raye?"

"Da safe dai na bar shi da rai."

Ta dube shi, ta gane. Ta ɗora murfin a kan sikeli, allurar da ƙyar ta motsa. "Ni da nauyi nake sayarwa, ba da tarihi ba," ta ce, ta faɗi abin da bai kai kuɗin motar da ta kawo shi ba. Kafin ta miƙa masa, ta ɗebo toka da ɗan mai a tsumma, ta murza zoben har tagullar ta fito ja tana ɗaukar ido. "Ka ce masa mai tarkace tana gaishe shi. Ka ce kayansa ba sa kwana a wurina. Maza ka tafi."

Rana ta karkata lokacin da ya shigo layin, kusan da gudu. Auta ta tare shi a ƙofa, idanunta sun yi ja.

"Tun tsakar rana bai yi magana ba."

Tela ya durƙusa bakin gadon, ya buɗe tafin tsohon, ya sa masa murfin. Yatsun suka yi shiru, sannan suka motsa. Babban yatsa ya zagaya zoben. Farce ya ƙwanƙwasa tangaran ɗin, ya ba da 'yar ƙara siririya kamar ta kofi. Idanun suka buɗe.

"Wannan ne," ya ce.

"Juya bayansa, Baba."

"Idon ya tafi. Karanta min."

Tela ya karanta. Sai bakin tsohon ya fara murmushi ta gefe ɗaya.

"Hawa na biyu. Tagar gabas. Babbar ungozoma gajeriya ce, ta ce in sa shi ƙasa-ƙasa, ta gaji da ɗage. Na ce ba haka ƙa'ida ta ce ba. Ta ce ƙa'ida ta zo ta karɓi haihuwa." Ya yi tari. "Na sauke mata."

"Baba, a asibitin nan aka haifi babbar 'yata. A hawa na biyu."

"To hasken da ta fara gani nawa ne."

Auta ta juya baya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Tela ya isar da gaisuwar mai tarkace, kalma bayan kalma, har da maganar kitso. Tsohon ya sa aka maimaita masa ita sau biyu.

"Gobe sai in kira mai gyara ya sa," in ji Auta.

"Ba gobe. Tela zai sa."

"Ni?" Tela ya miƙe tsaye. "Baba, ka san ni da wuta. Ina da yara huɗu."

"Ni na rene shida da ita. Auta, ɗauko jakata. Ba shi fis ɗin."

Ta kawo. Wani ɗan farin abu ne, bai fi yatsa biyu ba.

"Sa a aljihunka. Ba a kan tebur ba, a aljihunka. In yana jikinka, ba wanda zai mayar da shi kana tsakiyar aiki. Wannan shi ne rabin sana'ar. Sauran rabin haƙuri ne."

Tela ya sa, ya dafa aljihun ya tabbatar, ya sake dafawa. Ya ɓare kwalin. Wayoyin suka dube shi, ya dube su. Ya ɗauki sukudireba, ya tsaya nesa da bango.

"Allurarka ta fi wannan mugunta," in ji tsohon daga kan gado. "Ita kullum sai ta sha jininka. Tsaya tukuna. Ka rubuta?"

"Me zan rubuta?"

"Ba a rufewa ba a rubuta ba. Akwai fensir a jakar. Ƙarƙashin nawa, sa 'falo'. Sannan alamarka."

"Ba ni da alama, Baba."

"Kai ba tela ba ne?"

Tela ya dafa murfin a gwiwa. Ya rubuta "falo" da manyan baƙaƙensa na rubuta awon mutane. Sannan ya ja layi siriri, ya yi masa ɗan ido a sama. Ya nuna wa Auta. Ta ce, "Allura ce, Baba."

"Madalla. Ɗora. Kan makunnin ya fito ta tsakiya. Fara da sukurun sama, kada ka ƙarasa, ka koma na ƙasa. Tangaran ba ya son ƙarfi. Yi kamar kana sa maɓalli a rigar jariri."

Wannan Tela ya gane. Ya ɗora murfin. Ya murɗa na sama, ya murɗa na ƙasa, ya koma sama, har murfin ya kwanta a bango lif, kamar can aka haife shi.

"Ya zauna, Baba."

"Tsagar kan sukurun, ina ta dosa?"

"Ɗaya a kwance, ɗaya a karkace."

"Tsayar da su. Duka biyun su miƙe tsaye. Ƙura ba ta zama a ciki, kuma wanda ya zo bayanka zai san mutum ne ya yi aikin."

Ya tsayar da su. Sannan ya fita zuwa akwatin wuta, ya ciro fis daga aljihu, ya rufe ido ɗaya, ya tura shi a gurbi na uku daga hagu. Ba abin da ya fashe. Ya dawo yana haki kamar wanda ya yi tsere.

"Kunna."

Ƙyat. Fitilar falo ta kama, karo na farko cikin kwana uku. Hasken ya sauka a kan bargon, da kofin shayi, da fuskar tsohon. Ya kalli bangon ya daɗe.

"An rufe," ya ce. Can kuma, "Kashe mana. Da sauran rana, kada a yi ɓarna."

Washegari da hantsi, Tela yana yanka yadi, ya ji kukan Auta ta cikin bango. Ya ajiye almakashi.

Kwana uku gidan na cike da masu gaisuwa. Da yawansu tsofaffin masu gyaran wuta ne da suka koya a hannunsa, wasu da furfura. Tela ya ga yadda suke yi. Duk wanda ya shigo falon sai idonsa ya je kan makunnin kafin ya zauna. Wani mai sanƙo ya matsa kusa, ya duba sukurun biyu, ya gyaɗa kai.

"Har ƙarshe hannun maigida bai karkace ba," ya ce.

"Ba shi ya sa wannan ba," in ji matar Tela daga cikin mata, da muryar da ta isa har tsakar gida. "Baban yara ne."

Direba ya ce, "Wane? Tela? Telan da ke gudun dutsen guga?" Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin ta gidan rasuwa. Mai sanƙon bai yi ba. Ya miƙo wa Tela hannu, ya riƙe ya daɗe.

Rana ta huɗu Tela ya buɗe shago. Ya share, ya karkaɗe kan keke, ya miƙa hannu zai kunna fitila, sai ya tsaya. Murfin nasa na roba ne, mai araha, ya yi shekaru yana dannawa ba ya kallo. Tsagar sukurun sama a tsaye take. Ta ƙasa ma haka.

Ya shiga cikin gida. Na ɗakin yara, a tsaye. Na kicin, a tsaye. Na bayan ƙofar wanka, inda ba mai gani, a tsaye.

Ya dawo shago ya zauna. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a bangon. Ya lashi bakin zare, ya ɗaga allura wajen haske, ya zura.